Ɗalibi a Ingila, ƙunshin mod na Minecraft, da yayan da ya ce a sa akawun ɗinsa

Saƙon ya shigo min ƙarfe biyu da wani abu na dare, daga lokacin kaɗai ka san mai shi barci ya gagare shi. Ɗalibi ne, yana digiri na biyu a fannin kwamfuta a wata jami'a a arewacin Ingila, saura wata huɗu ya miƙa kundinsa. Ya ce shekara ɗaya kenan yana haɗa ƙunshin mod na Minecraft, wato tarin ƙare-ƙaren da ake ɗora wa wannan gem na kwamfuta don a canza yadda ake buga shi, irin wanda duk harkarsa injuna ne da sarrafa kaya ba sa hannu, da mod irin su Create da Mekanism da Thermal da Applied Energistics 2 a kan sigar 1.20.1 ta gem ɗin, ya ɗora a shafukan raba mod na CurseForge da Modrinth mutane suna saukewa, har maki sun fara taruwa masa wanda ake iya canzawa kuɗi amma bai taɓa cira ba. Wani a Amurka mai saba, wato kwamfutar da mutane ke haɗuwa a kanta su buga gem ɗin tare ta intanet, ya taɓa tura masa fam 60 ta PayPal da ya gyara masa wata matsala, yanzu kuma ya ce zai riƙa biyansa duk wata. Wani abokinsa ya ce masa in dai bai kai fam 1,000 a shekara ba babu komai. Yayansa a gida ya ce to ai da sauƙi, a sa akawun ɗina kuɗin su riƙa faɗowa Najeriya, sannan ya haɗa shi da wani ejan a WhatsApp mai cewa zai samo masa CoS, takardar ɗaukar nauyi da ake neman bizar aiki da ita, a kan fam 9,000, ya biya rabi kafin ƙarshen wata. Ya rufe da tambaya: Malam na riga na ɓata takarduna ne?

To ƙanina, ka sha ruwa tukuna. Bari na fara da abokin naka tunda shi ne ya fi kusa da jefa ka rami kuma da zuciya ɗaya ya yi. Wannan fam 1,000 da yake magana gaskiya akwai shi, amma na HMRC ne, masu haraji, suna cewa wanda ɗan abin da ya samu a sana'ar gefe bai wuce haka ba a shekara ba sai ya biya haraji a kai ba. Home Office, masu kula da biza, ba ruwansu da wannan lissafin. Abin da ke kan bizarka ka san shi, awa 20 a sati lokacin karatu a ƙarƙashin wani mai ɗaukar aiki, sannan ba sana'ar kai ba kasuwanci, ko na fam 5 ne. Ofis biyu ne daban, kowa da littafinsa, wanda ya yafe maka haraji bai ba ka izinin aiki ba. Na ga yara sun fi a ƙirga da suka ruɗe a daidai nan, masu kitso, masu ɗinki, masu zanen tambari a intanet, kowa da fam dubun nan a baki kamar wata laya.

Sai dabarar yayanka. Ba inda kuɗi suka sauka ake dubawa ba, inda kake zaune kana yin aikin ake dubawa. Kana ɗakinka a Ingila kana gyara wa mutumin Amurka saba yana biya, aiki ka yi a Ingila, ko kuɗin sun je Kano ko sun je Maraɗi. Bambancin kawai da akawun ɗin yaya zai kawo shi ne abin ya tashi daga kuskuren yaron da bai sani ba ya koma abin da aka zauna aka shirya don a ɓoye, kuma in magana ta tashi kai za a tambaya, shi yana can yana shan shayinsa a majalisa. Ka ce wa mai saban nan ka gode amma ba yanzu ba. Makin CurseForge kar ka cire, ka fita daga tsarin ladan, a Modrinth ma ka kashe samun kuɗin a saitin aikin naka, ƙunshin ya ci gaba da zama kyauta kamar yadda ya fara. Yin abu don sha'awa ba tare da karɓar ko sisi ba ba wanda ya hana ka.

Fam 60 ɗin da ka riga ka karɓa fa? Kar ka goge komai, kar ka rufe PayPal ɗin cikin firgici, kuma kar ka kai maganar gurup. Ka nemi lauyan shige da fice na gaske ko mai ba da shawara da ke da rajista da IAA, hukumar da a da ake kira OISC, sunayensu na nan a shafin gwamnati kowa na iya dubawa, ko ka kira layin UKCISA da ke amsa wa ɗaliban waje. Ka faɗa musu komai yadda ya faru, sau ɗaya ne, ga rana, ga adadi, ga makin da ban taɓa ba, ka tambaye su ko mayar da kuɗin zai taimaka. Na ce ka fara da na waje ne saboda makarantarka ita ce mai ɗaukar nauyin bizarka, doka ta ɗora mata ta kai rahoto in ta ga an saɓa sharaɗi, to gara ka san inda kake tsaye kafin ka ƙwanƙwasa ofishinsu. Abin da nake jin tsoro ba fam 60 ba ne, tsorona wani ya koya maka ka yi ƙarya a fom. Ƙarya a fom ita ce ke jawo a hana mutum shiga ƙasar har shekara 10.

Yanzu ejan. Wallahi da na karanta fam 9,000 sai da na ajiye wayar na ɗan zaga. CoS ba kayan sayarwa ba ne, kamfanin da ya ɗauke ka aiki na gaske shi ke bayarwa, shi ke biyan kuɗinsa, kuma an hana shi ya karɓa daga hannun ma'aikaci. Duk wanda ya sa masa farashi ya riga ya faɗa maka ko shi waye. Wani bawan Allah da na sani, mutumin kirki mai mata da yara biyu, haka ya tattara kuɗin gidan gadonsu ya ba wani, aka ba shi takarda mai kyan gani har biza ta fito, ya je adireshin ya tarar da shagon aski a ƙasa da ofis a kulle a sama, wata uku ba aiki ba albashi, daga baya aka ƙwace lasisin kamfanin aka aiko masa wasiƙar kwana 60, ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasa. Ejan kuwa lambarsa ta daina shiga tun ranar da kashi na biyu ya faɗa. Wani kuma nasa salon daban, ana sa masa albashi a banki ranar Juma'a ya ciro ya mayar musu a hannu ranar Litinin, shi ke biyan harajin albashin da bai ci ba, yana kwana yana aikin sito a ɓoye don ya ci abinci. Ka yi lissafi da kanka: tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru fam 41,700 ne, na sabon shiga irinka 33,400. Wane kamfani ne zai biya wannan ga mutumin da bai taɓa yi wa intabiyu ba? Kuma tun 2023 ɗalibi ba ya tsallakawa ya fara aiki a wannan bizar kafin kwas ɗinsa ya ƙare, to gaggawar me ejan yake yi da zai ce ka biya rabi kafin ƙarshen wata? Ka tambaye shi lambar rajistarsa ta IAA kawai, za ka ga yadda zai koma maka wa'azin yarda da juna.

Kai da kake da ƙofa a buɗe ma. Ka gama, makaranta ta sanar da Home Office, ka nemi bizar Graduate, ta waɗanda suka kammala karatu, daga cikin ƙasa kafin ta ɗalibin ta ƙare. Shekara 2 ce, amma wanda ya nema daga 1 ga Janairun 2027 wata 18 zai samu. A kanta sana'ar kai halal ce, ranar da ta fito, ba ranar da ka tura fom ba, sai ka yi wa mai saban magana in har yana nan. Kuɗin lafiya fam 1,035 ne duk shekara, da kuɗin fom abin ya kai wajen fam 3,000, wannan shi ne kuɗin da ya kamata ka fara tarawa daga aikin awa 20 ɗinka tun yau.

Ka ce a saƙon naka kunya kake ji, Baba ya sayar da fili aka turo ka, kai kuma kana nan kana buga gem. Nan ne zan ɗan daɗe, don ni aikina kenan, gyaran injunan layi a wata masana'antar shirya abinci, shekara goma sha. Na sauke ƙunshin naka ni da ɗiyata da daren Asabar, ita ce gwanar, ni ɗan kallo. A cikin gem ɗin ta kafa ƙafar ruwa, ta ja shaf, ta jona giya babba da ƙarama don ta ninka gudu, ta ɗora injin matse ƙarfe da na niƙa da bel guda uku, sai komai ya tsaya cak, wai nauyi ya fi ƙarfin abin da ke juyawa. Na yi dariya har ta ji haushi, don abin da nake faɗa wa sababbin yara a wurin aiki kenan kullum, in ka ƙara gudu ka ƙara wa injin nauyi, kamar mai injin niƙa a unguwa ne da ya haɗa niƙan gari da markaɗe a kan Lister ɗaya ya zauna yana mamakin me ya sa bel ke zamewa. Wanda ya zauna ya tsara wa ɗan wasa hanya daga tanderu ɗaya zuwa layin Mekanism da ke ninka tama sau 5, ya yi amfani da mod ɗin KubeJS ya rubuta umarni da yaren kwamfuta na JavaScript ya canza yadda ake ƙera kaya don kar mutum ya tsallake mataki, ya bi mod sama da ɗari ya ga wanne ke faɗa da wanne, ya ɗora spark, mod ɗin da ke auna nauyin da ke kan saba, ya gano wane inji ne ke cinye lokaci har saba ta kasa riƙe bugu 20 a sakan da gem ɗin ke buƙata don ya tafi daidai, wannan ba wasan yara yake ba. Aikin da ake ɗaukar mutane a biya su kenan, sunansa ne kawai ya bambanta. Ka ɗora rubutun naka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ka rubuta abin da ka canza a kowane fitarwa da dalili, ka ajiye ƙorafin da mutane suka kawo da yadda ka warware. Ranar intabiyu in aka ce ba mu misalin matsalar da ka taɓa bi har gindinta, kana da abin buɗewa a nuna, yawancin 'yan ajinku ba su da shi.

Amma kar a ruɗe ka cewa rijiyar kuɗi ce. Mod ɗin ba naka ba ne, kowanne da mai shi da sharaɗinsa, kuma dokar Mojang, kamfanin da ya yi Minecraft, ta hana sayar da mod. Abin da CurseForge da Modrinth ke rabawa kason kuɗin talla ne, ga yawancin mutane kuɗin data ne da ɗan canji.

Wannan ya kawo ni kan yaya, kuma ka yi haƙuri zan faɗa ba daɗi. A saƙonka kai ka rubuta cewa wata shida da suka wuce shi ne ya kai ƙararka wurin Hajiya wai an tura ka karatu ka ɓige da wasan yara, har ta yi kwana uku ba ta ɗaga wayarka. Ranar da ya ji akwai dala a ciki sai wasan yaran ya zama abin da za a sa wa akawun ɗinsa. Ban ce mugu ba ne, rayuwa a gida ta yi tsanani kowa ya sani, wanda ke can gani yake duk wanda ya hau jirgi ya haye. Amma girman yaya ba ya nufin ƙani ya sa wuyansa a igiya don a ce yana da biyayya. Filin Baba ba don ka riƙa turo dubu hamsin-hamsin a wata aka sayar ba, don ka fito da takardar digiri da biza mai tsabta aka sayar, in aka soke bizar filin ya tafi a banza kuma bakin da ya ce ka sa akawun ɗin shi zai fara cewa dama mun faɗa. Ka kira shi, ba rubutu ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Yaya na tambayi masana sun ce in na yi haka korata za a yi, ka tsaya a nan, kar ka shiga jayayya. In ya matsa ka sa Baba ko kawunku a maganar, manya sun fi saurin gane kalmar kora fiye da yadda kake zato. Abin da za ka iya turawa daga albashinka na halal ka yanke masa adadi ɗaya ko kaɗan ne, ya tafi hannun Hajiya kai tsaye.

Kai ma kana da naka laifin fa. Ka ce sati uku ba ka kira ta ba don gudun magana, amma ka samu lokacin fitar da gyara biyu a ƙunshin, na gani a shafin, ranakun suna nan. Uwa ba ta san Create ba, abin da ta sani ɗanta ya yi shiru. Ka kira ta da bidiyo ka nuna mata ɗakinka da tukunyarka da babin kundin da ka rubuta, in ta tambayi gem ɗin ka ce injuna nake koyon haɗawa, ba ƙarya ka yi ba.

Af, ɗiyata ta ce na faɗa maka kuza iri biyu ce a ƙunshin, ta Thermal da ta Mekanism, dalma ma haka, suna cika mata ma'ajiyar ME, rumbun kaya na Applied Energistics 2, da layi biyu-biyu kuma ƙerawar atomatik na tsayawa in ta ƙare da irin da aka sa a tsarin alhali ɗayar na nan jibge. Ta ce ka sa Almost Unified, mod ɗin da ke mayar da irin waɗannan abu ɗaya, ko ka haɗe su da KubeJS, sannan ka kashe fitowar tamar ɗaya daga cikinsu a ƙasar gem ɗin. Na ce mata mai shi yana da kundin da zai miƙa nan da wata huɗu, ta jira. Ta ce to ka rubuta a wani wuri kar ka manta.