Muryar amsa kan sabar da ke korar ma'aikata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Injiniya, na saurari muryarka, ina cikin adaidaita ne wajen Ƙofar Nassarawa, a yi haƙuri da hayaniya. Ka ce kuna da saba uku, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da asusun ma'aikata, ma'aikaci zai shiga asusunsa a sabar ofishinku na Bompai lafiya lau, da ya taɓa ta Sharaɗa sai ta kore shi, ta hana shi shiga, har kana tunanin kwafe kalmomin sirrin kowa ka zuba a duka ukun. Don Allah ƙanena kar ka yi haka. Ranar da aka fasa guda ɗaya an kwashe na kowa ke nan, kuma mutum zai canza tasa a nan, can tsohuwar tana aiki.

Sabar ɗaya ce kaɗai ya kamata ta san kalmar sirri. Ita za ta ba mutum tokin, wato shaidar shiga, irin wanda ake kira JWT ɗin nan da aka fitar da ƙa'idarsa a 2015, ta buga masa hatimi da makullinta na ɓoye. Sauran biyun makullin fili kawai za su riƙe, wanda ba ya buga hatimi, su duba hatimin da shi. Kamar takardar mai unguwa ce, wanda ka kai wa ba sai ya san ka ba, hatimin zai duba.

To amma ni wallahi agogo nake zargi. A cikin tokin akwai lokacin da aka yanke shi da lokacin da zai mutu. Ta taɓa faruwa da ni, kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ashe wuta ce ta ɗauke, inbata ta ƙare, ɗan batirin agogon injin kuma ya daɗe da mutuwa. Sabar ta tashi tana ganin tana wata shekarar can baya, duk tokin da ya zo sai ta ce lokacinsa bai yi ba. Ka sa NTP, tsarin saita agogon kwamfuta, a duka ukun, su riƙa daidaita agogo daga wuri ɗaya. Kerberos ma, wani tsarin tantance masu shiga, bisa tsarinsa na asali, bambancin da ya wuce minti 5 ba ya karɓa.

Sai wani abu, idan kun sallami ma'aikaci, tokin da ke hannunsa zai ci gaba da aiki har lokacin tokin ya ƙare. Ni minti 15 nake ba tokin, a bar na sabuntawa, wanda ake karɓo sabon tokin da shi, a hannun babbar sabar don a iya soke shi.

Yanzu dai ka duba lokacin kowace sabar, ka ɗauki hoto ka turo nan. Bayan la'asar zan duba in sha Allah.