Amsar Kawu Kan Sanatanku da Kujerar Mataimakin Shugaban Ƙasa

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni. Ka ce matasan mazaɓarku sun kafa ƙungiya, suna shirin buga fastoci da hoton sanatanku don a ɗauke shi mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa a zaɓe mai zuwa, kuma sun nemi ka shiga cikinsu. Ka tambaye ni ko a al'adar siyasar ƙasar nan ana ɗauko mataimaki daga Majalisar Dattawa, da kuma ko ya dace mutum ya fito ya nemi wannan kujera da bakinsa. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa hannu, kuma zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce tushen maganar.

Kujerar mataimaki ba a sayar da fom ɗinta, ba a kuma yin zaɓen fid da gwani a kanta. Sashe na 142 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ɗan takarar shugaban ƙasa alhakin gabatar da abokin tafiyarsa daga cikin jam'iyyarsu, har ma takararsa ba ta inganta sai ya yi hakan. Saboda haka, komai yawan shawarar da za a yi da gwamnoni da dattawan jam'iyya, magana tana ƙarewa ne a bakin mutum ɗaya. Wannan ya sa manyan da na sani a siyasa ba sa neman kujerar a fili. Suna tura waɗanda ake jin maganarsu su isar da saƙo cikin sirri, su kuma su kame bakinsu. Mu ma a gargajiyance ba mu san mutum ya tara makaɗa yana shelar a naɗa shi waziri ba, domin sarki yana duban wanda zai iya juya wa baya hankalinsa kwance. Ka tuna shekarar 2022, lokacin da Nyesom Wike, gwamnan Ribas na wancan lokaci, ya zo na biyu a zaɓen fid da gwanin PDP, jama'a da yawa suka ɗauka shi za a bai wa kujerar saboda ƙarfinsa, amma Atiku Abubakar ya ɗauki Ifeanyi Okowa. Rikicin gwamnonin PDP biyar da suka juya wa Atiku baya bayan haka ya jawo wa jam'iyyar asara mai yawa, sai dai abin da nake so ka lura da shi shi ne ƙarfin mutum da ƙarar muryarsa suna iya zama dalilin da zai sa a ji tsoron ajiye shi kusa.

Al'ada ta biyu, wadda ta fi kowacce nauyi, ita ce mataimaki yana zuwa ne ya cike gurbin abin da ɗan takara ya rasa. Shehu Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme a 1979, Obasanjo ya ɗauki Atiku a 1999, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauki Goodluck Jonathan a 2007, Jonathan ya ɗauki Namadi Sambo, Buhari kuma ya ɗauki Yemi Osinbajo a 2015. A kowane ɗaya daga cikinsu za ka ga Arewa da Kudu, Musulmi da Kirista. Babu dokar da ta wajabta wannan, amma akwai dalilinsa a doka, domin sashe na 134 ya ce bai isa mutum ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya sami kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wanda yake neman ƙuri'a a jihohi 24 ba zai tsaya a kan mutanen gidansu ba. An saɓa wa ɓangaren addini na wannan al'ada sau biyu a tsakanin waɗanda suka kai ga rinjaye, wato Abiola da Babagana Kingibe a zaɓen 12 ga Yunin 1993 da aka soke, sai Bola Tinubu da Kashim Shettima a 2023, amma ko a nan ba a taɓa ɓangaren yanki ba. Don haka kafin ku auna sanatanku, ku fara sanin wane ne zai riƙe tutar jam'iyyar. Idan ɗan Arewa ne, maganar sanatanku ta mutu tun kafin a fara ta, ko da ya fi kowa cancanta.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Ana ɗauko mataimaki daga cikin sanatoci, kuma ba sabon abu ba ne. Buhari ya yi takarar 2003 da Chuba Okadigbo, tsohon shugaban Majalisar Dattawa, Atiku kuma ya yi ta 2007 da Sanata Ben Obi. A zaɓen 2023 kuwa, mataimakan manyan 'yan takara uku duk sun taɓa zama a wannan majalisa: Shettima daga Borno ta Tsakiya, Okowa daga Delta ta Arewa, da Yusuf Datti Baba-Ahmed daga Kaduna ta Arewa, wanda ya mara wa Peter Obi baya. Amma ka duba da kyau, tun da aka fara tsarin shugaban ƙasa a 1979, Shettima ne kaɗai sanatan da ya kai ga hawa kujerar, kuma a ganina ba sanatancinsa ne ya kai shi ba. Ya yi gwamnan Borno shekara takwas, daga 2011 zuwa 2019, a lokacin da tashin hankalin Boko Haram ya fi tsanani, ya bar mulki a hannun wanda suke ɗasawa, kuma ya tsaya wa Tinubu tun kafin zaɓen fid da gwani, lokacin da wasu ke jira su ga inda iska za ta kaɗa. Da Tinubu ya bayyana sunansa a Daura ranar 10 ga Yulin 2022, amanarsa da matsayinsa na tsohon gwamna aka saka wa.

Dalilin da ya sa gwamna yake fin sanata nauyi a wannan ma'auni a bayyane yake. Sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, saboda haka sanata yana wakiltar sulusin jiha ne kawai, alhali gwamna yana riƙe da shugabannin jam'iyya tun daga mazaɓa, da wakilan da ke zaɓen ɗan takara, da kuɗin da ake yaƙin neman zaɓe da su. Abin da sanata ya fi gwamna da shi shi ne sanin majalisa da abokan da ya tara daga kowace kusurwa ta ƙasa, wanda yake da amfani idan an zo batun kasafin kuɗi da tantance ministoci. Wannan amfani kuwa sai bayan an ci zaɓe ake ganinsa, shi kuma ɗan takara ƙuri'a ce a gabansa.

Ko ita ƙuri'ar, kada ku yi saurin cika baki cewa sanatanku zai kawo yankinku gaba ɗaya. A 2023 Peter Obi ne ya ci Delta, jihar da Okowa ke gwamna. Atiku ne ya ci Kaduna, jihar Datti. A jihohi shida na Arewa maso Gabas, Borno kaɗai Tinubu ya ci, sauran biyar suka tafi ga Atiku. Talaka yana duban wanda ke kan gaba ne idan ya shiga rumfar zaɓe, mataimaki kuwa iyakarsa ya rage tazara a gida, ya kwantar da hankalin masu shakka. Wannan ragin yana da daraja, domin Tinubu ya ci da ƙuri'a kimanin miliyan 8.8 a kan miliyan 7 na Atiku, kuma kaso mai yawa ya fito ne daga jihohin Arewa da ya zo na biyu. Saboda haka tambayar da za ku yi ita ce ko ana jin maganar sanatanku a wajen mazaɓarsa, a jihohin da ke maƙwabtaka da ku.

Akwai kuma haɗarin da matasa ba sa lissafawa. Dokar zaɓe ta 2022 ta haramta wa mutum tsayawa takarar kujeru biyu a lokaci guda. Shettima sai da ya ajiye tikitinsa na sanata, duk da haka PDP ta kai ƙara a kan batun, sai ranar 26 ga Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ita, kwana uku kafin rantsarwa. Idan aka ɗauki sanatanku aka faɗi zaɓe, ya rasa kujerar da yake kai, ku ma kun rasa wakilin da ya san hanya.

Abin da ya fi damuna, ɗana, shi ne ba ka ambaci ko zai iya riƙe ƙasar ba, alhali don wannan aka yi kujerar. Mu da muka ga shekarar 2010 ba za mu manta ba. 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, ƙasa ta zauna cikin ruɗani har Majalisar Tarayya ta mai da Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairun 2010, sannan Allah ya yi wa shugaban rasuwa ranar 5 ga Mayu, mutumin da aka ɗauko don daidaita yanki ya wayi gari shi ne shugaban ƙasa. A 2017 ma Osinbajo ya riƙe ƙasar fiye da kwana 100 a jere lokacin da Buhari ke jinya a Landan. Ko shugaba yana lafiya, mataimaki ne ke jagorantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 suke zama. Ka tambayi kanka da gaskiya ko sanatanku yana da ilimi da haƙuri da lafiyar da zai ɗauki wannan, da kuma ko zai iya zama na biyu shekara huɗu ba tare da ya fara haƙa wa ubangidansa rami ba, domin saɓanin Obasanjo da Atiku har Kotun Ƙoli ya kai a 2007, kuma aikin gwamnati ne ya sha wahala.

Shawarata ita ce kada ka ba da kuɗinka ko sunanka a buga fasta tukuna. Ku wakilta mutum biyu ko uku masu natsuwa su same shi, su ji daga bakinsa ko yana so, domin sau da yawa irin wannan kira yana ɓata wa mutum tsakaninsa da gwamnan jiharsa ba tare da ya nema ba. Ka kuma nemo mini sakamakon zaɓensa na baya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da jerin ƙudurorin da ya gabatar a majalisa, ka zo da su idan za ka zo gida da Sallah mu duba tare. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Naka, Kawunka.