Funfuna ta ci min kaya a siton haya: wa zai biya?

Tambaya: Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. A watan Maris na kama hayar sito, na biya kuɗin shekara, dillali ya rantse min wurin lafiya lau yake. Cikin Agusta na tarar funfuna ta kama bandir goma sha biyu da ke jingine da bango. Mai gida ya ce ba ruwansa. Shi zan kama ko dillali?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka kama kowa, nemo ta inda ruwan ya shigo, domin shi zai nuna mai laifi. Ɗauko magini ya hau rufin, ya kuma duba gindin bango. In kwano ne ke yoyo, ko bututu ya fashe, ko bango na tsotso laima daga ƙasa saboda ba a shimfiɗa leda a fandisho ba, to aibin gini ne, kuma a al'ada gyaransa na wuyan mai gida, sai dai in takardar hayarku ta faɗi akasin haka. Ko a fiƙihu, aibin da ya hana ka amfana da abin da ka yi haya yana ba ka damar warware yarjejeniya. Amma in gini lafiya yake, kai ne ka jibge kaya a kan siminti ka kulle ƙofa babu iska, asarar taka ce.

Dillali kuwa, kada ka sa rai. La'adarsa yake nema, kuma a Maris, da rani, kowane bango a bushe yake. Ko a Amurka, inda duba gida sana'a ce mai zaman kanta, masu dubawar kan rubuta cewa abin da ido ya gani kawai suka ɗauki nauyi, gwajin funfuna aiki ne daban. Sai fa in kana da shaidar ya san aibin ya ɓoye, kamar sabon fentin da aka shafe tabo da shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗan haya ya riƙe kuɗin haya don fushi. Kada ka yi, kai za ka koma mai laifi. Ɗauki hotuna da bidiyo, ka haɗa da rasitan kayan, ka rubuta wa mai gida takarda. Ka nemi ku sa hannu gaban shaidu biyu cewa za ka gyara, a cire kuɗin daga hayar baɗi. Wannan ya fi saurin samuwa a kan diyyar shadda, wadda sai da lauya da dogon zama.

Yau ɗin nan dai ka kwashe sauran kayan, don kwana ɗaya zuwa biyu na laima ya ishi funfuna ta fara. Shanya su, ka ɗora kan katako, da tazarar taki guda daga bango. Waɗanda suka yi tabo, faɗa wa mai saye gaskiya ka karya farashi.