Amsa: Wane suna za mu kira ƙananan jiragenmu na ɗaukar hoto?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mu ci gaba da cewa "jirgi marar matuƙi" ko mu sauya suna. Ni dai na daina faɗinsa. A kunnen mutanenmu wannan sunan na yaƙi ne. A rediyo suka san shi, cikin labarin hare-haren Amurka a Pakistan da Yaman, sannan ga abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Maulidi. Allah Ya jiƙansu. Wannan ciwon bai warke ba.

Kuma sunan ma bai dace da namu ba, tunda matuƙin yana nan, a ƙasa yake tsaye. Nawa ƙirar DJI Mini ne, giram 249, bai kai cikakken gwangwanin lemo nauyi ba.

Na taɓa tayar da shi a wani biki a ƙauye, mata suka kwashi yara suka shige ɗaki. Sai da na sauke shi, na ɗora wa mai gari a tafin hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, kyamara ce mai tashi." Ya leƙa allon wayata ya hango rumbunsa daga sama. Tun ranar "kyamara mai tashi" nake cewa, kuma ba na tayarwa sai na gaida mai unguwa tukuna.