Caccaka, Kanwar Ja da Mugun Bafade: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun makon nan kusan duk a kan abu guda suka taru: hirar da wani dattijon ɗan jarida ya yi a rediyo nan Sakkwato, inda ya ce 'yan siyasarmu, na gwamnati da na adawa, kujera kaɗai ce a gabansu, bai ware jam'iyya ko ɗaya ba.

Wani malamin makaranta daga Gwadabawa: Malam, na ga an rubuta cewa "ya caccaki 'yan siyasa". Daidai ne?

Malam, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Caka ita ce soka abu mai tsini, caccaka kuwa a yi ta cakawa nan da can ba tsari, yadda kaza ke yi wa tsaba. Mai caccaka rauni yake nema, bai damu da inda ya samu ba. To mutumin da ya zauna ya jero matsalar albashin malamai, da rashin magani a asibiti, da ƙauyukan Sabon Birni da Isa da 'yan bindiga suka tasa, ya ce ga wanda ya yi alkawari ga abin da ya biyo baya, wannan bai caccaki kowa ba. Suka ya yi, ko ka ce ya tsage gaskiya. Matasan da ke rubuta kanun labarai yanzu kalma ɗaya suka riƙe: gwamna ya caccaki, malami ya caccaki, uwa ta yi wa ɗanta faɗa, ita ma ta caccaki. Ina suka kai gargaɗi da jan kunne da nasiha da ƙorafi da zargi da tonon asiri? Kowace da nauyinta. Ranar da aka mai da su duka caccaka, mai karatu ba zai ƙara bambance mai gyara da mai ɓatanci ba, kuma ɗan siyasa ne ke cin ribar wannan ruɗani, don sai ya ce ai duk ƙiyayya ce. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, jarida makaranta ce ta koyon Hausa. Ina son ta ci gaba da zama haka.

Wata baiwar Allah daga Mabera: Ba zambo ya yi musu ba?

A'a, Hajiya. Zambo yana da ubangida. Makaɗin fada yana muzanta ɗan sarkin da ke hamayya da maigidansa ne don a ba shi doki da riga. Wanda ya haɗa kowa ya faɗa musu, wa zai ba shi dokin? Ba habaici ba ne kuma, tunda bai sakaya ba.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: "Tsohon ɗan jarida" wanda ya tsufa ne ko wanda ya bar aiki?

Duka biyun, shi ya sa in yana kan aiki ka ce gogagge.

Wani ɗan kasuwa daga Tambuwal: Me ake nufi da "duk kanwar ja ce"?

Alhaji, kai ka fi ni sanin kanwa iri-iri ce, akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu. Mai saye ya buɗe wannan buhu ya buɗe wancan yana neman bambanci, ya tarar duk ja ce. 'Yar'uwarta ita ce "jirgi ɗaya ya kwaso su". Sai dai ka lura, wanda ya buɗe buhunan ne ke da ikon faɗin haka. Dattijon nan ya shekara yana buɗewa. Saurayin da bai san sunan kansilansa ba ya ɗauki karin maganar ya mai da ita dalilin ƙin yankar katin zaɓe, wannan lalaci ne ya samu mafaka.

Shi dai Alhajin: "Sauya sheƙa" fa?

Sheƙa gidan tsuntsu ce, kuma wanda ya fara ɗora ta a kan 'yan siyasa ya iya Hausa. Misali ba sai mun je nesa ba: Aliyu Magatakarda Wamakko ya bar ANPP zuwa PDP a 2007, ya koma APC a 2013. Aminu Waziri Tambuwal ya bar PDP zuwa APC a 2014, ya dawo PDP a 2018. A rubuta ta da ƙ mai lanƙwasa, don Allah.

Wani matashi daga Runjin Sambo: Malam, ai Hausawa sun ce "ba a mugun sarki sai mugun bafade". Me ya sa bai bar shugabanni ya kama na kusa da su ba?

Ɗana, a fada aka haifi wannan magana, kuma ladabi ce. Talaka yana son kai kuka ba tare da ya ce wa sarki azzalumi a idonsa ba, sai ya jingina laifin ga bafade, sarki ya samu ƙofar gyarawa ba tare da ya ji kunya ba. Hanyar isar da koke ce, ba hukuncin wanke kowa ba. Yanzu sojojin baka sun mai da ita garkuwa: in abu ya yi kyau maigida ne, in ya ɓaci mashawarta ne. To wa ya naɗa mashawartan? Wa ke da ikon sallamarsu?

Kuma ina mamakin Basakkwacen da zai yi wannan tambaya. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa zaluncin masu mulkin zamaninsa, har ya kira abubuwan da sunayensu na Hausa a cikin Larabcinsa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, da gaisuwa da ake kai wa mai mulki kafin ya saurare ka. Sarakunan ya ɗora wa laifin, bai tsaya kan fadawa ba. Gwamna ko sanata ma ba gadon sarauta ya yi ba, kai ka yi layi cikin rana ka zaɓe shi, da sunansa da hotonsa a fosta. Wanda ya nemi ƙuri'a da sunansa, da sunansa za a tambaye shi.