Tambayi Baban Badujala: Littafin Busa, Ƙahon Jabu da Kuɗin Adashe

Faretin 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana, ya matso, shi ya sa kowa a Kumasi ya tuna yana da ƙaho a ƙarƙashin gado. Wasiƙu sun taru, na zaɓi biyar.

Baba, shekarata uku ina busa turampet a ƙungiyar kadet ta makarantarmu. Da solfa muke koyo, wato do-re-mi, amma ina ɗan karanta rubutun kiɗa na layi biyar. Na ji wani a YouTube yana busa darasi na biyu na littafin Charlier, ni ma shi nake so. Wani mai zuwa Ingila ya ce zai sayo mini. In ba shi kuɗin? Ɗalibi, Aboabo

Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Kunnenka bai ruɗe ka ba, darasin nan yana da daɗi, kuma da yake a hankali ake busa shi sai mutum ya ɗauka mai sauƙi ne. Théo Charlier mutumin Beljiyam ne, darussansa 36 sun fito a 1926, kuma ya rubuta su ne don waɗanda suka kusa sauke karatun busa. Kai kuwa har yanzu da "ina ɗan karantawa" kake magana. Solfa tana da amfani, da ita yawancinmu muka taso, amma a irin wannan littafi muryar waƙa kan sauya a tsakiyar shafi, "do" ɗinka ya tashi daga inda ka ajiye shi. A nan mai solfa yake tsayawa yana kallon takarda.

Abin da ya dace da kai Arban ne. Jean-Baptiste Arban Bafaranshe ne mai busa konet, littafinsa ya fito a 1864, har yau kuma da shi ake horar da mabusa. A cikinsa akwai hawa da saukar sauti, da zarcewa daga sauti zuwa sauti da leɓe kawai, da bugun harshe biyu da uku, irin "tu-ku" da "tu-tu-ku" ɗin nan, sannan a ƙarshe manyan darussa 14. Ka haɗa da ƙaramin littafin atisayen yatsu na Herbert L. Clarke na 1912, mutumin da ya yi busa a ƙungiyar badujala ta John Philip Sousa a Amurka. Shi Clarke a hankali ake busa shi, da murya ƙasa-ƙasa, a numfashi ɗaya. Yaranmu kuwa sai su buɗe wuta kamar suna gaban fareti, su ce sun yi Clarke.

Ga gwaji. Ka tashi daga F-shaf na can ƙasa ka hau rabi-rabi har C na sama, ka dawo, da taushi, ba tare da wani sauti ya tsage ba. Ranar da ka iya haka, kuma ka busa uku daga cikin 14 ɗin nan na Arban daga takarda ba daga hadda ba, ka sake rubuto mini mu yi zancen Charlier.

Wane littafi ne zai kai ni sautin can ƙololuwa cikin wata ɗaya? Muna busa a wurin makoki duk Asabar, wanda ya fi hawa sama shi ake yi wa liƙi. Mabushi, Asawase

Babu shi. Da akwai, da ni na fara saya.

Akwai dai littattafan ƙarfafa leɓe: na Max Schlossberg na 1937, da na Earl Irons na 1938, da na Charles Colin. Dukansu aikin shekaru ne, kuma ƙa'idarsu ɗaya, ka huta gwargwadon yadda ka busa. Kai da kake bin gawa cikin rana tun hantsi har la'asar, kana danna ƙoƙon baki, ɗan ƙarfen nan da ake aza leɓe a kai, a kan haƙoranka don sauti ya fita, hutu ka fi buƙata. Idan ka sauke ƙaho ka ga zobe ja ya kwanta a leɓenka har bayan sallar isha, ƙarfin hannu kake busawa da shi, ba iska ba. Liƙin sidi biyar ba zai biya kuɗin likitan haƙori ba.

Kawu, na kwashi adashena. Wani a WhatsApp yana sayar da "littattafan sirrin manyan mabusa" guda hamsin a waya kan sidi 150. Wani kuma yana da turampet Bach Stradivarius sabo dal a akwatinsa, sidi 2,500, ya ce daga jirgi aka sauke. In tura musu ta MoMo, wato ta waya? Ɗanka, Sabon Zongo

Kada ka tura ko pesewa ɗaya. Zauna ka ji, don wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu fara da littattafan. Babu wani sirri a cikinsu. In ka buɗe za ka tarar da Arban ɗin nan ne da Clarke da 'yan'uwansu, an canja musu suna. Arban ya rasu tun 1889, tsofaffin bugun littafinsa da na Clarke suna nan kyauta a IMSLP, rumbun tsofaffin takardun kiɗa na intanet. Wato mutumin nan ruwan famfon unguwa ya ɗebo yana sayar maka da sunan zamzam. Sauran da ke cikin tarin kuwa, sababbin littattafai ne da aka ɗauki hotonsu da waya a karkace, masu su ba su sani ba, kuma rabin shafi inuwar yatsan mai ɗauka ne.

Haka 'yan fotokwafi. An kwafi kwafin kwafi har ɗigon da ke gefen sauti ya ɓace, gajerun layukan da ke saman layi biyar suka narke, shaf ya koma kamar ƙuda ya mutu a takarda. Yaro ya kwana wata guda yana haddace kuskure. Mafi muni, don a rage kuɗin takarda sai a cire shafukan bayani, alhali a nan marubucin ya faɗi yadda ake aza harshe da saurin da ake bi. Na taɓa karɓar wani Arban a hannun ɗalibina, daga shafi na talatin da wani abu sai ga mu a na saba'in, duk babin atisayen leɓe babu shi, shi kuwa bai sani ba, yana ta mamakin abin da ya sa darasi ya yi masa tsalle. Kuma littafi hamsin na mene ne? Ni da furfurata ban gama da guda ɗaya ba. Ka sauke Arban da kanka, ka je wajen masu buga takarda na gefen Tech, wato jami'ar KNUST, ka buga shafi ashirin da kake buƙata yanzu da girmansu, ka sa a ɗinke maka. Waya ba ta zama a kan abin ɗora takarda, kuma da saƙo ya shigo atisaye ya ƙare.

Yanzu ƙahon. Bach Stradivarius na gaske a Elkhart ta jihar Indiyana ake ƙera shi, sabonsa ya haura dala 3,000 tun a can Amurka, kafin jirgi, kafin kwastan a Tema. Kai da kanka ka buga lissafin da canjin yau. Wane ɗan kasuwa ne yake ƙaunarka har haka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ke cikin akwatin nan ƙarfe ne mai laushi da aka zana wa suna. Wata uku zai yi yana ƙyalli, sannan bawul, maɓallin da ake dannawa da yatsa, ya fara maƙalewa a tsakiyar waƙa, walda ta saki, iska ta riƙa zurarewa. Sautinsa kuma ba ya zama daidai, ka gyara ƙasa sama ta karkace. A nan ne abin ya fi ba ni haushi, don yaro zai zauna da Clarke yana gumi, yatsunsa daidai, bawul ya ƙi dawowa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ne ba shi da baiwa. Yara nawa suka ajiye busa saboda haka! Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma waɗannan da sunan tulu aka sayar musu.

Ni ma an taɓa yi mini, ba a ƙaho ba, a ƙoƙon baki. Na saya a wani shago, lamba 3C a jiki, farashin ya yi mini daɗi. Kafin azumi ya zagayo azurfar da aka shafa ta goge, tagulla ta fito, leɓena ya yi ƙuraje. Mako biyu ban busa ba. Duk ƙoƙon da rufinsa ya ɓare a inda leɓe ke taɓawa, a jefar da shi, ko na gaske ne.

In za ka sayi ƙaho, ka nemi tsohon Yamaha na ɗalibai wanda aka yi amfani da shi, ko da ya ɗan lotsa. Yamaha ɗin ma ana yin jabunsa, don haka ka tafi da wanda ya girme ka a busa, kuma a shago, ido da ido, ko a Adum ne ko ina. Ka zare ƙaramin bututun da ke jikin kowane bawul ba tare da ka danna bawul ɗin ba: in ya yi "fat", iska tana riƙe, in ya fito shiru, yoyo yake. Ka kwance bawul ukun ka duba jikinsu, ka danna ka ga suna dawowa da kansu. Ka duba bututun da ƙoƙo ke shiga, in ka ga ɗige-ɗige ja ko ruwan hoda, tagullar ta fara ruɓewa daga ciki. Ka kunna manhajar auna sauti a wayarka ka busa daga ƙasa zuwa sama. D da C-shaf na ƙasa dama suna ɗan hawa a kowane turampet, shi ya sa ake tura bututu na uku, wannan ba aibi ba ne. Amma in C na tsakiya da G ma suna yawo, ka ajiye ka yi sallama. Mai kayan da ya ce ba a buɗe leda sai an biya, ya gaya maka duk abin da kake son sani.

Baba, ni mace ce, turombon nake busawa shekara biyar, ina so in nemi shiga ƙungiyar busa ta 'yan sanda ko ta soja. Yayana ya aiko mini da littafin Rochut. Na buɗe na kasa busa ko layi ɗaya, duk sautin ba inda na san shi yake ba. Na yi kuka. Ko dai ban iya komai ba ne? 'Yarka, Alabar

Share hawayenki, 'yata. Kin iya, kuma yayanki ya yi zaɓi mai kyau, Allah ya yi masa albarka. Abin da ya faru shi ne, ƙungiyoyinmu da yawa tsarin Ingila suka gada, inda ake rubuta wa turombon da yufoniyom a mabuɗin sama, irin na turampet; mabuɗi shi ne alamar farkon layi biyar da ke faɗin sunan sautin kowane layi. Shi kuwa Rochut a mabuɗin ƙasa yake. Sautin da kika saba kira C, hannunki a matsayi na farko, a nan sunansa B-filat kuma a wani layi yake zaune. Kamar wanda ya iya Hausa da boko ne aka miƙa masa ajami, harshen bai canja ba.

Ki ba shi minti goma sha biyar kullum, ki rubuta lambar matsayin hannu da fensir a saman layi biyu na farko kawai, bayan mako ki goge. Kada ki rubuta a duk shafin, za ki koma karanta lamba. Littafin ya cancanci wahalar: waƙoƙin horar da murya ne na Marco Bordogni, mawaƙi ɗan Italiya da ya koyar a Faris, Joannès Rochut ya mayar da su na turombon a 1928, guda 120 a juzu'i uku. Ki rera kowanne da bakinki kafin ki busa. Ga albishir kuma: ranar da kika isa mabuɗin tena, wanda yake firgita wasu, za ki tarar sautukan suna kan layukan da kika saba, filat biyu kawai za ki ƙara. Sharuɗɗan ɗaukar aiki kuwa, daga sanarwar hukuma za ki karanta su. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai shigar da ke, ki bar wurin.

Gidan haya muke, masallaci yana jikin katangarmu, maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai gida. In sayi abin toshe bakin ƙaho? Mabushi, Tafo

Maƙwabtanka suna da gaskiya. Ka saya, amma na atisaye, wanda yake rufe bakin ƙaho ruf, don sauran ire-iren launin sauti suke canjawa, ƙara tana nan. Kada ka wuce rabin awa da shi, yana tokare iska, in ka saba za ka riƙa busa da ƙarfin da bai kamata ba. Atisayen yatsu na Clarke ka yi da shi a ɗaki. Dogayen sautuka kuwa ka ɗauki ƙahonka ka tafi filin makaranta bayan la'asar, ka dawo kafin a kira magariba.