Sista mai maƙala shida, ga abin da na gani

Wa alaikumus salam. Sista, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Kin ce maƙala shida kika fitar cikin shekara huɗu, kullum ki leƙa Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, ki tarar ba wanda ya kafa hujja da ko ɗaya, har kina tambaya ko binciken ma'aikaciyar jinya yana zuwa ko'ina. Ni tawa ta fi taki ciwo.

Kusan shekara guda na yi ina tara bayanai kan gyambon kwanciya da yawan majinyatan da nas ɗaya ke riƙewa da dare. Ƙaramin littafi ne a aljihun yunifom, in na gama juya mara lafiya in rubuta, wani lokacin a tsaye jikin tirolin magani. Da na gama sai na kai wa wani babban likita ya taya ni da lissafin. Ya ce kawo in duba. Shiru, wata ya bi wata. Rannan na sauka daga aikin dare, ina ɗakin canja kaya, takalmi ɗaya a ƙafa, wata ƙawata ta turo min saƙo wai wannan ba aikinki ba ne? Na buɗe. Maƙala ce aka buga, teburan bayanaina ne a ciki, har da yadda na raba sa'o'in. Sunansa a gaba, sai wasu mutum biyu da ban taɓa gani a ɗakin ba. Ni ina can ƙasa, cikin "muna godiya ga ma'aikatan jinya". Wallahi na fi rabin awa a kan bencin nan. Da na same shi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai tattarawa kika yi, tattarawa ba bincike ba ce. Har yau in mun haɗu shi ke fara gaishe ni, yana murmushi. Allah ya isa dai ban ce ba, amma ban manta ba.

Saboda haka kar ki miƙa wa kowa bayananki sai kun yi rubutu kan jerin sunaye. Ko ta imel ne. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya ma ta ce wanda ya yi babban aiki wajen samo bayanai a ba shi damar shiga rubutun.

Batun ko aikinmu na tasiri kuwa, nemi Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Nas ce kamar mu. A 2002 ta fitar da bincike a mujallar likitanci ta JAMA kan asibitoci 168, ta nuna duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 ta sake bin tambayar a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, mujallar Lancet ta buga, kashi 7 ɗin ya sake fitowa. Da jihar Queensland ta Ostireliya ta kafa doka a 2016, majinyata huɗu ga nas da rana, bakwai da dare, da Aiken a cikin waɗanda suka auna sakamakon. Abin da ya dame ni da na karanta ta shi ne tambaya ɗaya ta riƙe shekara da shekaru. Ni kuwa bayan abin da ya faru sai na haukace da rubutu, yau wankin hannu, gobe shayarwa, jibi gajiyar ma'aikata, don dai in tara adadi. Shidan nan naki, a kan abu ɗaya suke? Ki tambayi kanki.

Ma'aunin h ɗin da ke hana ki barci, wani masanin kimiyyar fizik ne, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. In an ce naki 5 ne, kina da maƙala biyar da aka ambaci kowacce aƙalla sau biyar. Shi ke nan. Bai san ranar da metron ta ƙara nas ɗaya a aikin dare saboda takardarki ba. Kuma ambato na ɗaukar lokaci, wanda ya karanta ki bana sai ya gama nasa binciken kafin sunanki ya fito.

Af, ki duba mujallun da kika buga. Biyu daga cikin nawa irin masu turo imel ne suna yabonki, ki biya su buga cikin sati ɗaya, babu su a PubMed babu su a Scopus, manyan rumbunan da ake neman maƙalu. Ba mai ganinsu. Ki buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike da ke haɗa maƙalunki wuri ɗaya, kyauta ne, ni sunana iri uku ya fito kafin in farga. Kuma ki riƙa barci, Sista, da gaske nake, hawan jini na samu a wannan tsakanin.

Turo min sunayen mujallun ta akwatina. Satin nan ina aikin dare, sai na tashi da la'asar zan duba.